Yadda Ake Zaɓar Basba a Tashar Wuta: Na Bututu Ko Na Waya?

Kowace tashar wutar lantarki, daga babbar tashar Kumbotso mai 330 kV har zuwa 'yar ƙaramar tashar 33 kV da ke bayan wata masana'anta a Sharaɗa, tana da wurin da wuta ke taruwa kafin a rarraba ta. Layukan da suka shigo a nan suke sauke wutarsu, taransifoma da layukan fita kuma a nan suke ɗiba. Wannan shi ne basba. A tashoshin da kayansu ke fili, iri biyu ake yi. Akwai na bututu: bututun alminiyom ne miƙaƙƙe, ana ɗora shi a kan insuletoci masu tsayuwa, wato tangaran da ke hana wuta bin ginshiƙi zuwa ƙasa. Akwai na waya: murɗaɗɗiyar wayar alminiyom ce, ana ɗaure ta tsakanin gantiri biyu, wato dogayen ginshiƙan ƙarfe masu gicciye a sama, da jerin insuletoci masu faifai a kowane ƙarshe.

Sabon shiga yakan yi zaɓinsa da ido. Bututu ya fi kyan gani, sai ya ce shi ne na zamani. Wani kuma farashin mita ɗaya yake dubawa, ya ga waya ta fi sauƙi, shi ke nan ya gama shawara. Ni abin da nake koya wa matasan da ke aiki tare da ni shi ne abu huɗu ke yanke hukunci: ƙarfin wutar shot a wurin (wutar da ke kwararowa idan wayoyi suka haɗu da juna ko da ƙasa), irin ƙasar da za a kafa tashar, faɗin filin, da kuma wanda zai gyara idan abu ya lalace da tsakar dare. Bayanin da ke tafe na tashar fili ne, ban da sandunan jan ƙarfe da ke cikin akwatunan 11 kV na ɗaka. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu: zanen ƙarshe sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya sa masa hannu, sannan hukumar NEMSA ta duba aikin kafin a ba shi wuta.

Abin da za ka tanada

Takardu ne kan gaba, domin da su ake yin zaɓin:

- Zanen layin wuta na tashar, mai nuna taransifoma nawa ne, layuka nawa, da waɗanda ake shirin ƙarawa.
- Adadin wutar shot na wurin a rubuce, daga TCN idan tashar 132 kV ce ko sama, daga KEDCO idan 33 kV ce.
- Taswirar filin daga safiyo, da rahoton gwajin ƙasa.
- Jadawalin masu ƙera bututu, waya da insuleta.
- Ƙa'idoji uku: IEC 61936-1 don tazara da tsayi, IEC 60865-1 don lissafin ƙarfin shot, da IEEE 605 wadda ta keɓanta ga tsarin basba.

Kayan hannu kuwa: kalkuleta, dogon tef, na'urar lebul ta safiyo, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, burushin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, giris na mahaɗar alminiyom, injin matse kan waya, mega (na'urar gwada insuleta), na'urar auna turjiyar mahaɗa, da kyamarar gano zafi. Idan bututu za a yi, a ƙara injin waldar agon da mai waldar da ya saba da alminiyom.

1. Lissafa wutar da basban zai ɗauka kullum

Lissafin bai da wuya. Ka raba ƙarfin taransifoma a kVA (MVA ɗaya kVA dubu ne) da 1.732, ka sake rabawa da kV ɗin layin, sai ka samu amsar a amfiya (A). Taransifoma mai 60 MVA, irin wadda aka saba gani a tashoshin 132/33 kV, tana jan kusan 262 A a ɓangaren 132 kV, amma a ɓangaren 33 kV tana ba da kusan 1,050 A. Idan biyu ne suke zuba a basba ɗaya, ka kai 2,100 A. Ƙaramar 15 MVA ta tashar 33/11 kV kuwa 262 A kawai take ja a ɓangaren 33.

Da wannan za ka ga nauyin yana ƙasa ne, ba a sama ba. A 132 kV waya ɗaya mai kauri takan wadatar. A 33 kV na babbar tasha, da zarar ka doshi 2,000 A, waya ɗaya ba za ta iya ba, sai a jera biyu a kowane fes (kowane ɗaya daga cikin layukan wuta ukun), kuma daga nan bututu yake fara yin ma'ana, domin guda ɗaya mai faɗin 100 ko 120 mm yana ɗaukar abin da sai wayoyi biyu za su ɗauka.

Kada ka yi lissafi da taransifomar da ke ƙasa yau kaɗai. Kano na faɗaɗa ta kowace kusurwa, kuma tashar da aka buɗe da taransifoma ɗaya ba ta daɗewa ake kawo mata ta biyu. Canza basba bayan an ba shi wuta yana nufin kashe tashar gaba ɗaya, unguwanni su kwana a duhu.

2. Rage abin da jadawali ya faɗa saboda zafin Kano

Sau da yawa jadawalin masu ƙera kaya an gina shi ne a kan zafin gari na digiri 35. Mu a nan, daga Maris zuwa Mayu, ana wuce 40 a inuwa, ga rana tana dukan ƙarfen kai tsaye, ga tsakuwar filin tashar tana mayar da zafi sama. Ni da 45 nake lissafi. Idan iyakar zafin da aka yarda basban ya kai shi ne 85, jadawali ya ba ka ratar digiri 50, kai kuwa 40 kake da ita. Ka raba 40 da 50, ka ɗauki tushen murabba'insa, za ka samu kusan 0.89. Wato bututun da aka rubuta masa 2,000 A, a Kano ka ɗauke shi a matsayin mai 1,780 A. Wannan awon gaggawa ne. Idan za ka sayi kaya, ka nemi kamfanin ya ba ka adadin da aka lissafa da digiri 45 da cikakkiyar rana, a rubuce.

Abu biyu da littattafan Turai ke ɓata shafuka a kansu ba su dame mu ba: nauyin ƙanƙara, da ƙarin tazara saboda tudu. Kano ba ta kai mita 1,000 daga matakin teku ba, don haka tazarar da ke cikin ƙa'ida ta ishe ka yadda take.

3. Lissafa ƙarfin shot

A nan nake so ka zauna sosai, domin nan ne iri biyun suka fi bambanta, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Idan shot ya faru, wuta mai dubban amfiya tana ratsa basban na ɗan lokacin da bireka za ta ɗauka kafin ta yanke. A wannan ɗan lokacin abu biyu ke faruwa: ƙarfen yana ɗaukar zafi nan take, kuma fes-fes ɗin suna tunkuɗar juna da ƙarfin maganaɗisu.

Fara da zafin. Alminiyom yana jure kusan 80 A a kowace murabba'in milimita na tsawon daƙiƙa ɗaya kafin ya kai digiri 200, inda yake fara yin laushi. Idan wutar shot 31.5 kA ce, wato amfiya 31,500, kana buƙatar aƙalla 400 mm². Ka lura da kyau: wayar Wolf da ake ja a layukan 132 kV, alminiyom ɗinta bai wuce 158 mm² ba. Tana iya ɗaukar 262 A na kullum ba tare da ta ji komai ba, amma ba ta isa ta zama basba a tashar da shot ɗinta ya kai haka. Ana yawan ganin an ɗauko ragowar wayar layi an yi basba ko wayar saukowa da ita don tana nan a ajiye. Kada ka yarda da wannan.

Sai ƙarfin tunkuɗa. Ana lissafa shi da ƙololuwar wutar a bugun farko, wadda a tsarinmu na 50 Hz take kai ninki biyu da rabi na adadin da aka ba ka. Wato 31.5 kA tana zama kusan 79 kA. Ka ninka 79 da kanta, ka ninka da 0.173, ka raba da tazarar da ke tsakanin fes a mita. Idan tazarar mita 2.5 ce, za ka samu kusan niyuton 430 a kowace mita ta fes ɗin tsakiya. A zango mai mita 10, wato daga wannan insuleta zuwa waccan, ya zama niyuton 4,300, wato 4.3 kN. Nauyin buhun siminti tara ke nan, amma ta gefe yake zuwa, farat ɗaya, a kan ƙoƙon insuletar da aka yi da tangaran.

Insuletoci masu tsayuwa suna da aji gwargwadon ƙarfin da kansu ke jurewa: C4 na 4 kN, C6 na 6 kN, haka C8 da C10. A misalin nan C4 ta faɗi tun kafin a ƙara iska. Kuma insuletar da ke tsakiyar jeri tana ɗaukar fiye da rabon zango ɗaya, ga kuma girgizar bututun kansa da ke iya ƙara nauyin. Shi ya sa ake barin rata mai kyau, a hau C8 ko a gajarta zangon. Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne a 33 kV matsalar takan fi tsanani: fes-fes sun fi kusa da juna. Shot mai 25 kA a tazarar mita 1.2 yana ba da kusan niyuton 560 a mita, ya fi na misalin 132 kV.

Waya ba ta karya insuleta ta wannan hanyar, domin tana da wurin motsi. Nata haɗarin daban ne. Wayoyin suna watsewa gefe, idan wutar ta yanke su dawo da gudu suna nufar juna, kuma a nan ne za su iya kusantar juna har wuta ta sake tsallakawa. Wadda ta ɗaga sama kuma idan ta faɗo takan fizgi gantiri da ƙarfin da ya ninka ɗaurinta na kullum. Idan wayoyi biyu ne a fes ɗaya, su jan juna suke yi, su manne, wannan ma ya ƙara fizgar. Ƙa'idar IEC 61936-1 ta ce a 132 kV mafi ƙarancin tazara shi ne 1,300 mm, a 33 kV kuma 320 mm. Lokacin da iska ke kaɗa waya, dole kashi 75 cikin ɗari na wannan tazarar ya rage, lokacin lilon shot kuma rabi. Don haka ne basban waya yake cin fili: inda bututu zai zauna a tazarar mita biyu da rabi, waya takan nemi uku ko fiye, gwargwadon tsawon zangon da cikin da ta yi, wato saukowar da take yi a tsakiya.

Idan ba a ba ka adadin shot ba, ko an ba ka na shekarun baya, ka yi lissafi da adadin da ke jikin birekar da za a saka, 31.5 ko 40 kA a 132 kV, 25 ko 31.5 kA a 33 kV. Ƙarfin shot ƙaruwa yake yi duk sanda aka ƙara taransifoma ko aka jawo sabon layi, ba ya komawa baya. Lissafin lilon waya kuwa yana da tsawo da hannu. Idan ba ka da manhajarsa, ka sa shi cikin sharuɗɗan kwangila cewa mai kawo kaya zai gabatar da lissafin bisa IEC 60865-1, kai kuma ka bi shi layi-layi.

4. Taka filin da ƙafarka

Bututu ba ya yafe wa fandisho. Idan ginshiƙi ɗaya ya nutse da 'yan milimitoci, bututun ba zai bi shi ba, sai dai ya matsa wa insuleta, ta zauna cikin wahala wata da watanni har ranar da shot ko guguwa za ta ƙarasa ta. Waya kuwa idan gantiri ya ɗan motsa, cikinta ne kawai zai canza, a sake ɗaure ta.

A Kano wannan batu ne babba. Inda aka samu jar ƙasa mai marmara, fandisho yana zama daram. Amma cikin birni da kewayensa akwai filaye da yawa da asalinsu kududdufi ne, aka cike su da shara da ɓaraguzan gini, shekaru suka wuce har aka manta. Akwai kuma ƙasar fadama ta wajen kogin Challawa, mai laka, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Rahoton gwajin ƙasa shi ne hujja. Idan babu shi tukuna, ka sa a haƙa ramukan gwaji a inda ginshiƙan za su zauna, ka ga abin da ke fitowa: leda da gawayi da fasassun bulo alama ce ta ciko. Sannan ka je ka gai da mai unguwa da dattawan wurin, ka tambaye su, "Baba, da can me ke wurin nan?" Sun san inda ruwa yake kwanciya tun kafin a yi taswira. Wurin da ake shakka a kansa, ko dai a kashe kuɗi a kan fandisho mai zurfi har a taɓa ƙasa ta asali, ko a koma waya. Sai dai ka tuna gantiri ma yana son fandisho mai nauyi, domin waya tana jan sa gefe dare da rana.

Faɗin fili shi ne ɗaya gefen. Wanda ya san yadda fili yake a Bompai ko kusa da Ɗan'agundi ya san mita ɗaya ma abin lissafi ce. Bututu yana matse tasha, yana kuma rage tsayinta. Idan aka haɗa shi da aisoleta (makunnin da ke raba layi da basba) mai miƙewa sama ta kama bututun daga ƙasa, gurbin kowane layi yana ƙara gajarta. A bayan gari, inda fili yake a wadace, wannan ribar ba ta da nauyi sosai. Ko wanne ka zaɓa, ɓangaren da ke da wuta a 132 kV kada ya sauko ƙasa da 3,550 mm daga inda mutum ke takawa, kuma gindin insuleta kada ya gaza 2,250 mm. Ka bar hanyar da motar kiren za ta shiga ta ɗauko bireka ba tare da an kwance basba ba.

5. Hunturu, guguwa da tsuntsaye

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan insuleta wata da watanni ba ruwan da zai wanke ta. Busasshiyar ƙura ba ta cika yin illa ba. Ranar da yayyafin farko ya sauka, ta jiƙe ba ta wanku ba, ranar ce wuta ke bin jikin insuleta ta tsallaka. Kusa da majemu da masana'antun Challawa da Sharaɗa abin ya fi yawa. Ka nemi insuletar da tsawon hanyar jikinta bai gaza 25 mm a kowace kV ba, a wurin masana'antu 31. Da 145 kV, iyakar da kayan 132 kV ke ɗauka, ake lissafin, wato 3,625 mm ko 4,495 mm. A nan bututu yana da riba: insuletocinsa suna ƙasa-ƙasa, idan an kashe wuta an sa atin (an haɗa basban da ƙasa), ana goge su da ɗan tsani. Faifan da ke saman gantiri sai an hau.

Iska iri biyu ce, kowacce da wanda take damu. Guguwar farkon damina waya take kaɗawa. Iskar hunturu mai tafiya a hankali ba tsayawa kuwa bututu take sa wa kyarma, wadda ido ba ya gani sosai amma tana gajiyar da walda da maɗaurai. Maganinta na nan a mataki na 8.

A 33 kV, inda tazara take ƙanƙanta, babban tsuntsu ko doguwar leda da iska ta ɗauko sun isa su haɗa fes biyu. Kada ka tsaya a kan 320 mm don ƙa'ida ta yarda, ka buɗa. A 330 kV kuwa siririyar waya ɗaya tana fitar da korona, wannan sautin tsuwa da ake ji da dare. Shi ya sa layukan 330 kV ke da wayar Bison biyu a kowane fes, basban ma ko dai wayoyi biyu ko fiye, ko bututu mai faɗi.

6. Kuɗi, da wanda zai gyara

Ka kwatanta kuɗin gurbi sukutum, kada ka tsaya a kan mita ɗaya. Waya tana da araha, amma gantirinta dogo ne, ƙarfensa da yawa, fandishonsa babba. Bututu yana da tsada, maɗauransa ma haka, insuletocinsa sun fi yawa, amma ginshiƙansa gajeru ne. Idan ka tara duka, ka ƙara kuɗin fili, ratar takan ragu ƙwarai, wani lokacin ma ta juya.

Abin da ba ya fitowa a takardar farashi shi ne ranar gyara. Wayar AAC (zallan alminiyom) da ACSR (mai ƙarfe a tsakiya) ana yin su a cikin ƙasar nan, maɗauransu da faifan insuleta ana samu, kuma duk ma'aikacin layi ya iya aikinsu. Bututun basba, na alminiyom 6063-T6 ko 6101-T6, yawanci daga waje yake zuwa da kuɗin dala, ya sauka a Legas, ya yi tafiyar kilomita dubu a kan tirela. Kwantena mai ƙafa 40 ba ta ɗaukar abin da ya wuce mita 12, don haka tsawon zangonka ma ya dogara da wannan. Bututun alminiyom da ake sayarwa don taga ko rumfa ba shi ba ne, ko da faɗinsu ɗaya. Idan ka zaɓi bututu, ka saka bututu biyu ko uku na ajiya cikin odar farko, da insuletoci da kowane irin maɗauri, a ajiye su a kan katako a inuwa.

7. Yanke shawara

Ga yadda nake yi. Ƙaramar tashar 33/11 kV, ko tashar bayan gari mai wadataccen fili da wutar da ba ta kai 1,250 A ba, waya nake ba ta ba tare da dogon tunani ba. Haka duk inda ƙasa ba ta kwanta mini a rai ba. Tashar cikin gari mai matsattsen fili, ƙasa mai kyau, da basban 33 kV mai 2,000 A ko fiye, bututu nake zaɓa, muddin an amince da sayen kayan ajiya. Idan faɗaɗa tsohuwar tasha ake yi, ka bi abin da ka tarar, sai in akwai dalili mai ƙarfi, domin ma'aikatan wurin da shi suka saba kuma kayan gyaransa ke cikin sitonsu.

Sau da yawa amsar ita ce a haɗa su: babban basba na bututu a ƙasa, wayoyin da ke tsallaka shi daga gantiri a sama. Kuma ko da tashar duk bututu ce, haɗin ƙarshe zuwa kan taransifoma ya kasance mai lanƙwasuwa. Taransifoma tana kyarma, bututu yana miƙewa, kan bushin ɗinta kuwa, wato tangaran da wuta ke shiga ta cikinsa, ba a yi shi don ɗaukar wannan ba.

8. Idan bututu ne

A daidaita kawunan ginshiƙai da na'urar lebul kafin a ɗora insuleta, a cike bambancin da siraran faranti a gindi. Kada a taɓa jan bututu da ƙarfi don ya shiga maɗauri.

Alminiyom yana miƙewa 0.023 mm a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga sanyin asubar Janairu zuwa bututun da ke cike da lodi a tsakar ranar Afrilu akwai ratar digiri 70. A tsawon mita 30, wannan kusan 48 mm ne. Saboda haka a kowane tsawon bututu maɗauri ɗaya tak ake kafewa, gara na tsakiya, sauran duk masu zamewa ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ma'aikaci mai himma ya bi masu zamewar ya ɗaure su tamau, yana ganin an manta da su ne. Ka yi musu alama da fenti, ka yi wa kowa bayani, ka kuma gwada da hannunka.

A zura murɗaɗɗiyar waya a cikin bututun, a kama ta a ƙarshe ɗaya, sauran a bar ta kwance. Ita ke kashe kyarmar hunturu. A huda ƙaramar ƙofa ta kusan 10 mm a ƙasan tsakiyar kowane zango don ruwa ya tsiyaye, a toshe bakunan da murfinsu saboda tsuntsaye da zanzaro. Cikin da bututu zai yi a tsakiya kada ya wuce kashi ɗaya cikin 150 na zangon. Idan ya wuce, ƙara faɗin bututu ya fi ƙara kaurin bangonsa amfani.

Walda tana rage ƙarfin alminiyom a kewayenta, don haka ba a yin ta a tsakiyar zango ko daidai kan insuleta, sai wajen rubu'in zangon, da ɗan guntun bututu a ciki. A kare wurin daga iska, in ba haka ba agon ɗin zai watse waldar ta yi ramuka. Idan babu ƙwararren mai waldar alminiyom, a yi amfani da mahaɗa mai noti da aka ƙera don wannan faɗin. Ta fi walda mara kyau nesa ba kusa ba.

9. Idan waya ce

Kada a ja ta a ƙasa. Kowane ƙarzo mafarin korona ne. A bi da ita ta tayoyin jan waya, a ɗaure bakinta kafin a yanka don kada silillanta su warware.

Cikin da za a bar mata ya danganta da zafin ranar da ake ɗaurin, don haka a riƙe jadawalin ɗauri da ma'aunin zafi. Wadda aka ja tamau da tsakar ranar bazara za ta takura da sanyin hunturu ta ja gantiri. Wadda aka sassauta da asubar hunturu za ta sauko fiye da kima a Afrilu. Sabuwar waya kuma tana ƙara tsawo da kanta a shekarun farko, shi ya sa ake sa noti mai daidaita ɗauri a ƙarshe ɗaya. Wayoyi biyu a fes ɗaya suna buƙatar 'yan sandunan raba su, a tazarar da lissafin shot ya bayar. Wayoyin da ke saukowa kan aisoleta da bireka a bar musu ɗan sassauci kada su ja kan na'urar, amma kada ya yi yawan da iska za ta kai su kusa da ƙarfe.

10. Mahaɗa

Yawancin basban da ya ƙone, a mahaɗa ya fara. Alminiyom yana yin wata fata da ido ba ya gani da zarar iska ta taɓa shi, kuma fatar ba ta wuce da wuta. A goge fuskokin biyu da burushi, a shafa giris nan take, a sake gogewa ta cikin giris ɗin, a haɗa. Fuskar da aka yi wa rufin azurfa ko kuza ba a sa mata burushi, tsumma mai tsabta ya isa. Inda alminiyom zai haɗu da jan ƙarfe a sa farantin da aka yi don haka a tsakani, alminiyom ya kasance a sama, domin ruwan da ya wanko jan ƙarfe yana cin alminiyom. Kowane noti a ɗaure shi da sifana mai awo zuwa adadin da kamfani ya rubuta, ana zagayawa kaɗan-kaɗan. Idan ba ku da ita ku aro, kada ku ɗaure da ƙiyasi: wanda bai kai ba zai yi zafi, wanda ya wuce zai tsaga maɗaurin.

11. Gwaji

Kafin a ba da wuta, a auna tazara da tsayi da tef a kowane gurbi, a gwada insuletoci da mega, a auna turjiyar kowace mahaɗa da wutar gwaji ta 100 A. Ka kwatanta fes ukun da juna. Wadda ta fita daban a kwance ta a sake, ko da an ce lokaci ya ƙure. A ƙirga sandunan atin na wucin gadi da aka saka, a tabbatar adadin da aka cire ya yi daidai, sannan a mayar da takardar izinin aiki.

Bayan an ɗora lodi, a zagaya da kyamarar zafi da yamma, lokacin da rana ta faɗi kuma gari ya kunna kaya. Idan tashar ba ta da kyamara a yi hayarta, domin 'yar bindigar auna zafi ba ta ba da adadin gaskiya daga nesa. A sake zagayen a Afrilu. Duk sanda babban shot ya ratsa tashar, a nemi a kashe wuta a duba wuyan insuletocin bututu ko akwai tsaga, a duba ko maɗaurai masu zamewa suna motsi, a waya kuma a duba sandunan rabawa da cikin kowane fes. A rubuta duk adadin da aka samu a littafin tashar tare da kwanan wata da lodin lokacin, domin da shi za a kwatanta awon shekara mai zuwa.